Janar da Masu Neman Lada

Wa ya aiko ku ku yi min wannan tambayar? Ku dube ni, ba ƙasa ba. Ubanku ne, ko? Shi ya ce ku zo ku tambayi Kaka ko za a sa sabon kwikwiyonku a keji, shi kuma ya sulale ya tafi wanke babur ɗin da ya riga ya wanke da safe. To ba ku da kunya, shi ma ba shi da ita. Ke Fon, ajiye karen nan ki wanke hannu. Kai Tum, rufe kwandon shinkafa kafin ta bushe. Tun da kun tono, sai ku zauna ku ji. Wanda ya katse ni, gobe shi kaɗai zai tsinko wa tsutsar siliki ganye.

Tun ba a haife ku ba ne. Wata shida da bikinsu, uwarku Nuwan ta samu aikin shekara guda a wata masana'anta a Taiwan. Ubanku Sawai kuwa ya tare a gidan nan kamar kowane suruki a ƙasarmu, da jaka ɗaya da baƙin tabarau. Iyakar dukiyarsa ke nan, sai baki. Ya taɓa yin wata takwas yana tuƙa wani Bature a Bankok, kuma tun daga nan babu abin da bai sani ba. In ina daka gwanda, a Bankok ba haka ake riƙe taɓarya ba. In ruwa ya sauko, na Bankok ya fi jiƙa mutum.

Ranar da za ta tafi, Nuwan ta ɗora masa wani baƙin kwikwiyo a cinya, wanda ta tsinto a bayan kasuwa. Ina zaune kan matakalar nan ta faɗa masa.

"Sawai, kullum kana damuna da zancen haihuwa. Ga wannan. In na dawo na same shi a gidan nan da ransa da lafiyarsa, sai mu yi magana. In na tarar ka rabu da shi, kada ka ƙara ce min uffan, sabunta takardata zan yi in ƙara shekara uku."

Kun san uwarku ba ta faɗa sau biyu, a wurina ta gado. Saboda haka ku buɗe kunne. Da abin nan ya karkace, da babu ko ɗayanku a tabarmar nan.

Ubanku ya raɗa wa kare suna Janar. Kare bai kai tafin ƙafata ba, wai Janar. Ya ci takalmana, na yi shiru. Ya tone min barkono, na yi shiru. Sai wata safiya na sauko ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙai, inda masaƙata take, na tarar da zaren silikin da na yi wata biyu ina ƙullawa ina rinawa, na zanen da zan miƙa a gidan ibada ranar bikin ƙarshen damina. Rabinsa a ƙasa cikin laka, rabinsa a bakin Janar, ya yi masa gemu ja.

Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Sawai, zo."

"Mama, ai wasa yake yi, a Bankok..."

"Kwana ashirin ya rage a yi biki. Ranar nan, in karen nan bai yi hankali ba, a gidan ibada zan baro shi. Babban Malam na can yana da karnuka arba'in da mutane suka zubar masa, ɗaya ba zai ƙara masa nauyi ba."

"Mama, Nuwan fa ta ce..."

"Na ji abin da ta ce, da kunnena na ji. Kwana ashirin."

Da wani ne da ya tsorata. Ubanku gyara tabarau ya yi. Ya ce, "Kwana ashirin ya yi yawa, Mama, goma ma ya isa. Ku a nan ba ku san yadda ake horar da kare ba. A gidan maigidana keji ake sa shi. Kare yana son ɗan ɗakinsa. Doka uku ce kawai: in ya yi kuka kada a dube shi, kada a yi masa magana, kada a buɗe. Da kansa zai yi shiru, ya zama kamar ɗan sarauta."

Na ce, "Kai ka horar da karen Baturen?"

"Ni nake kai shi wanka a mota."

Keji na farko ba keji ba ne. Zuwa ya yi wurin tsoho Tongbai mai zakarun faɗa, ya aro babban kwandon gorar da ake kifa wa zakara. Ya kifa wa Janar a tsakar gida, ya kakkaɓe hannu, ya hau babur ya tafi rarraba ƙanƙara, don sana'arsa ke nan a lokacin. Abin da bai lura da shi ba, kwandon zakara ba shi da ƙasa. Zakara ba ya tura kwando, kare kuwa yana turawa.

Ina saƙa sai na ji ihu a kan titi. Na leƙa, ga kwando yana tafiya shi kaɗai, sannu a hankali, ya nufi kasuwa. Ya tsaya, ya ɗan juya, ya ci gaba. Tongbai da kansa yana tahowa a keke, ya ga kwandonsa yana zuwa tarye shi, ya saki kan keke ya faɗa magudanar ruwa. Maƙwabciyata Lamyai kuwa da sauri ta shiga gida ta fito da kwalbar jan lemo, ta dire a gaban kwandon, ta haɗa hannu tana cewa, "Ko wane ne kai, ka sha ka wuce, gidana ba mai laifi."

Kwando ya ture lemon, wani ɗan harshe ya fito ta ƙasa yana lasa.

Da yamma Tongbai ya zo da laka har kunne. "Sawai! Na ba ka kwando ka ajiye, ban ce ka aike shi kasuwa ba!"

"Baba, gwaji ne wannan. Yanzu na gane ƙarfinsa."

"Ni ma na gane ƙarfin magudana. Ba ni kayana."

Washegari ubanku ya ɗauki tsohon gadon ƙarfen marigayi kakanku, bai tambaye ni ba, ya kai wa mai walda. Aka dawo da keji mai ƙofa da sakata, girmansa ya isa ɗan maraƙi. Ya shafe shi da jan fenti, ya sa aka rubuta wani abu a sama. Ni ban iya karatu ba, Lamyai ce ta gaya min wai an rubuta Fadar Janar. Na ce a kai shi can baya. Ya ce a'a, a bakin ƙofa zai zauna, gefen titi, don mutanen ƙauye su gani su koya.

To a nan ya yanka kansa. Mutumin da aka haifa a ƙasar nan, uwarsa ta sha sayen tsuntsu a keji ta sake shi don neman lada, ya ɗauki halitta mai rai mai kuka ya kulle a kan hanyar da tsofaffi suke bi su dawo daga gidan ibada kowace safiya. Wata takwas a Bankok ya wanke masa kai tas.

Ya tura Janar ciki, ya ja sakata, ya ɗaga min yatsa. "Mama, kada a duba, kada a yi magana, kada a buɗe." Ya tafi.

Ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba Janar ya fara. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, kamar ana zare masa rai da cokali. Ni dai ina saƙata, doka ce aka ba ni. Sai ga Lamyai tana ɗingishi, da kwanon da ta kai wa malamai abinci. Ta tsaya. Ta dubi keji, ta dube ni.

"Yaya Kampong, wannan uban kuka fa?"

"Makaranta yake."

"Kin san mai duba ya ce min gwiwar nan ba za ta sake ni ba sai na 'yanta mai rai? Na je kasuwa, ɗan tsuntsu kamar babban yatsa wai kuɗinsa bat ɗari. Kuma da kin sake shi yake komawa wurin mai shi."

"Ni ba ruwana. An ce kada in buɗe, ban buɗe ba."

"Ni an ce min?"

"Ke ba a ambace ki ba."

Ta durƙusa da ƙyar, ta haɗa hannu, ta yi addu'arta: wahala ta tafi, ciwo ya tafi, kowane mai rai ya huta. Ta zare sakata. Janar ya fito yana lasar ƙafarta. Ta ɓallo masa cinyar gasasshiyar kazar da ta rage a kwano. Ya ci, ya kwanta gindin masaƙa, ya yi barci har la'asar. Da na ji ƙarar babur daga nesa, na ɗauke shi na mayar, na ja sakata. Ba don komai ba, ba ni da ƙarfin sauraron Bankok a ranar.

Ubanku ya sauko ya ga kare kwance shiru, ciki ya yi tim. Ya cire tabarau a hankali. "Mama, kin gani? Rana ɗaya tak."

Na ce, "Na gani."

Kashegari Lamyai ta bi gida gida tana cewa gwiwarta ta yi sauƙi. Kafin rana ta yi tsaka sai ga Buwakam mai sayar da taliya, ɗanta zai zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati. Ta zo da kaza a leda, ta tarar Lamyai ta riga ta, kare yana yawo a sake. Ta ɓata rai kamar an ci mata gado.

"Yanzu ni wa zan 'yanta? Kaza na saya fa."

Na dubi matar nan, na dubi tulin zaren da zan sake ƙullawa cikin kwana goma sha takwas, hannu biyu kawai gare ni. Na ce, "Zauna ki kama min zaren nan. In ya huta zan mayar da shi, ki buɗe."

"Haka yana da lada kuwa?"

"Kukan gaske zai yi, ke kuma buɗewar gaske za ki yi. Sauran ba ni na rubuta ba."

Kada ku dube ni haka. Ni ban kira kowa ba, da ƙafarsu suka zo. Mai ciwon baya, mai mafarkin haƙori ya faɗi, mai ranar haihuwa, wadda mijinta ya daɗe bai kira daga Koriya ba. Har daga ƙauyen gaba ake zuwa, don labari ya bazu cewa a gidan Kampong akwai mai rai da ake 'yantawa kyauta, kuma ba ya tashi sama ya bar ka da kallo. Kowa ta zo sai ta jira layi, kuma a ƙarƙashin gidana ba a jira da hannu sake. Aikin wata biyu, cikin kwana goma sha biyu muka gama shi.

Janar kuwa ya fi mu duka kai. Kwana uku ya gane kasuwar. Ba sai na ɗauke shi ba, da ya hango mace da leda a kan titi sai ya ruga ya shige keji, ya zauna, ya jira in ja sakata, ya ɗaga kai sama ya tsandara kuka. A buɗe, ya ci kaza, ya yi barci. In ya ga an zo da shinkafa zalla ko kukan kirki ba ya yi.

Wata safiyar ubanku bai riga ya tafi ba, Janar ya hango Buwakam daga nesa, ya shige keji da kansa ya zauna tsaf. Ubanku ya kusa faɗuwa daga kan babur.

"Mama! Da kansa! Ko karen maigidana sai an ja shi!"

Daga ranar ba a ƙara samun ƙanƙara a kan lokaci ba a ƙauyen nan. Kowane shago ya tsaya sai ya yi lacca, ƙanƙara tana narkewa a akwati. Matan da suka gama buɗe kejin jiya su ne suke tsayawa suna gyaɗa kai.

"Kai, Sawai, kai dai gwani ne. To me ya sa yake ƙiba haka?"

"Kwanciyar hankali ce, Gwaggo. Kare in ya san matsayinsa sai jiki ya murje."

Ya tsinci ƙasusuwan kaza a keji, ya tara su a tafin hannu ya kawo min. Na ce yau asiri ya tonu. Sai ya ce, "Mama, kin ga wannan? Farauta yake daga cikin keji. Tsuntsu ya kuskura ya leƙo, shi ke nan." Ƙashin cinyar kaza fa, har da sauran tafarnuwa a jiki.

Duk ranar Lahadi Nuwan takan kira a waya mai hoto ta ce a nuna mata kare. Ta ce, "Wannan Janar ne ko kabewa?" Ya ce ta jira ranar biki, za ta ga abin da mijinta ya zama.

Ashe ya je wurin mai gari ya roƙi a ba shi abin magana bayan wa'azi, ya nuna wa jama'a aikinsa. Har ya yi alkawari karnukan gidan ibada arba'in ɗin nan duk zai horar da su, keji arba'in a jere. Da na ji, na ce masa, "Sawai, bar karen nan a gida." Sau ɗaya na faɗa. Ya ce, "Mama, na san ba ki so a ce surukinki ya yi gaskiya." To sai na ja bakina.

Ranar biki ƙauye duka ya hallara, har da baƙi daga gari. Na miƙa zanena, Babban Malam ya karɓa, mata suna ta taɓa gefensa suna cewa wannan layin ni na ƙulla. A harabar waje masu gasa kaza sun jera, hayaƙi ya cika ko'ina. Aka gama wa'azi, sai ga ubanku ya turo keji a akwatin babur, sanye da farar riga mai dogon hannu. Ya ba Tongbai waya ya ce ya riƙe ta saiti, Nuwan tana kallo daga can. Ya karɓi abin magana, wanda aka haɗa da manyan lasifikokin da ke kan hasumiya, waɗanda ake ji har gonakin rake.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, a Bankok kawai ake ganinsa. Janar, fada!"

Janar bai ko ji shi ba. Abin da ya gani shi ne mata fiye da ɗari, rabinsu ya san su, ga ƙamshin kaza ta kowace kusurwa. A ransa yau babbar kasuwa ce. Ya taka da ƙiba da isa ya shige keji, ya juyo ya zauna. Baƙi suka yi tafi.

Sai ubanku ya zaro wani abu daga aljihu wanda ban san ya saya ba. Kwaɗo, ƙato, sabo fil. Wai kare mai daraja irin wannan a cikin taro, kada a sace. Ya datse ƙofa, ya jefa makulli a aljihun riga, ya ajiye abin magana a kan keji.

"Yanzu ku yi shiru ku ga shiru."

Janar ya jira kaɗan, kamar yadda ya saba. Ya ɗaga kai ya yi kukansa na kullum. Hasumiya ta ɗauka ta watsa wa duniya. Ba wanda ya motsa. Ya dubi Lamyai a sahun gaba, ya ƙara murya. Ba a buɗe ba. Ya dubi Buwakam, ya ƙara. Abin da bai taɓa faruwa ba ke nan a rayuwarsa, sai ya saki na gaske, wanda ya yi ranar farko. Daga ƙarƙashin ɗakunan malamai karnuka arba'in suka amsa. Na ƙauye suka karɓa. Jarirai suka shiga. Wani baƙo ya toshe kunne da ƙullin shinkafa.

Ubanku yana ihu, "Kada a dube shi! Kada a yi masa magana! Minti ɗaya!"

Lamyai ba ta iya jurewa ba. Ta miƙe, gwiwa ko ciwo babu. "Haba, ku bar ni in buɗe masa, ai yau ma layina ne!"

Buwakam ta tashi. "Layinki a ina? Ke kika buɗe shekaranjiya har sau biyu!"

"Na biyun na ƙanwata ne, aike ta yi!"

"Ni tun Laraba nake jira, na ƙulla zare har yatsuna suka yi ja!"

Duk wannan a gaban abin magana. Har gonakin rake an ji.

Babban Malam ya ɗaga hannu. Mutane suka yi tsit, karnuka ne kawai ba su san shi ba. Tsoho ne mai magana a hankali, ya haura tamanin. Ya sa aka kashe lasifika, ya ce, "Duk wanda ya taɓa buɗe wa karen nan ƙofa, ya ɗaga hannu."

Hannaye suka fara tashi ɗaya ɗaya, sannan gaba ɗaya. Mata sun fi sittin. Tongbai ya ɗaga hannun da ba ya riƙe da waya. Mai gari ya ɗaga nasa rabi, yana kallon rufi. Ubanku yana juyawa yana ƙirgawa, baki buɗe. Da ya juyo gaba, sai ya ga Babban Malam ma yatsunsa biyu suna sama.

"Sau ɗaya," in ji shi. "Ina wucewa da safe, ba kowa a wurin." Ya sauke hannu. "To, ƙofa ba ta buɗuwa sau ɗari sai an rufe ta sau ɗari. Wa yake rufewa?"

Duk wuyan da ke zauren nan ya juyo wurina. Ni ban taɓa ɓuya a bayan kowa ba. Na gyara zama, na haɗa hannu na ce, "Ni ce, Baba."

"Kampong, su sun kwashi ladan buɗewa. Ke me kika kwasa?"

"Zanen da ke gefenka, Baba."

Ya dubi zanen, ya shafa shi, ya yi tari a tafin hannu. Ni na san dariya ce ya haɗiye.

Ubanku ya ce da ƙaramar murya, "Mama, kwana goma sha takwas kina kallona ina..."

"Doka uku ka ba ni. Ban duba ba, ban yi magana ba, ban buɗe ba. Ka ce kada a rufe?"

Babban Malam ya ce, "Sawai, a duk ƙauyen nan kai kaɗai ba ka samu ladan nan ba. Zo ka buɗe."

Ya zo, makulli ya faɗi sau biyu. Da ƙofa ta buɗe, ya ware hannuwa zai rungumi karensa. Janar ya bi ta tsakanin ƙafafunsa, ya miƙe sai wurin masu gasa kaza.

An yi dariya har wata baƙuwa ta shaƙe. Ni ban yi ba, don magana tana nan. Na ce, "Baba, na yi alkawari yau in karen nan bai yi hankali ba a nan zan bar shi. Kowa ya ga hankalinsa. Ga shi nan, na bar maka."

Dariya ta tsaya. Ubanku ya zube a gwiwa, tabarau ya faɗi bai ɗauka ba.  Daga cikin wayar da ke hannun Tongbai ba a jin komai, amma na san Nuwan tana nan.

Babban Malam ya sa aka kamo Janar, aka ɗebo shinkafar da ake zuba wa karnukan gidan, da ɗan romo, aka ajiye masa. Janar ya sunsuna, ya ɗago ya dubi Malam ido cikin ido, ya juya wa kwanon baya.

"Kin gani, Kampong? Nawa abin da ya rage suke ci. Wannan in na karɓe shi, ko ya mutu da yunwa ko ya koya wa arba'in cin kaza. Ba zan iya ba." Ya gyara mayafi. "Tun da aka fara wannan abu, ya ƙara taɓa miki zare?"

Ƙarya ba ta cikin halina. Na ce, "Bai taɓa ba. Ba shi da lokaci, daga ci sai barci."

"To me kike nema wanda ba ki samu ba? Gidan da ya ɓata shi, shi zai ciyar da shi. Ku tafi da abinku."

A gaban mutum ɗari uku aka mayar min da maganata, kuma wanda ya mayar ba a yi masa musu. Na sunkuya sau uku na tashi. Sai a lokacin muka ji Nuwan, ashe dariya ce ta hana ta numfashi. Da ta samu murya ta ce, "Baba Tongbai, ba shi wayar. Sawai, gida za ku da shi?"

"Gida, Nuwan."

"To shi ke nan. Ka ɗauki tabaranka, ka yi kama da maraya."

A hanyar dawowa yana tura babur, kare zaune a akwatin ƙanƙara kamar mai gari, ni ina gaba. Mun kai wajen magudanar da Tongbai ya faɗa, ubanku kai a sunkuye, har na fara jin tausayinsa. Sai na ji ya gyara murya.

"Mama, in kin duba da kyau, kare ya daina cin zare, yana shiga keji da kansa, kuma yana gida. Dabarata ce fa ta yi aiki."

Na tsaya na cire takalmi ɗaya. Bai jira ya ga na biyun ba.

Amsarku ke nan. Ku samo kwali ku sa masa tsumma a ƙarƙashin matakala, ba ƙofa, ba sakata, kuma ku ɗaga min zarena sama inda bakinsa ba ya kaiwa. Wanda ya ba shi kaza, daga kwanonsa za a cire. Kai kuma da ke laɓe bayan tankin ruwa, na ga ƙafarka tun ɗazu, babur ɗin ya wanku haka. Ku tashi, ku wanke ƙafa, ku sauke gidan sauro. Kada in ji motsin kowa.